Kwana Biyu Don Shuka

Har yau akwai masu cewa taurin kai ne ya raba ni da aikina. To, su ce. Ban taɓa musu da su ba, kuma ba yau zan fara ba. Abin da kawai nake so shi ne a ji labarin yadda ya faru, ba yadda ake juya shi a bakin tasha ba.

Shekara bakwai na yi ina shef, wato mai kula da ma'aikata, a wani gidan bulo da ke bakin kwalta, tsakanin Malbaza da Dogarawa. Mai wurin wani Alhaji ne ɗan kasuwa, yana zaune a Konni, sai wata-wata yake leƙo mu. Mutum goma sha biyu ne a hannuna: masu kwaɓa siminti da yashi, masu bugawa a mul, wato ƙarfen da ake fitar da bulo da shi, masu jerawa a rana, masu ban ruwa, sai direban kamiyo, babbar motar da ke kai bulo. In ka cire direban, wanda ɗan wajen Sakkwato ne, sauran duk manoma ne daga ƙauyukan da ke kewaye da mu. Abincin gidajensu daga gona yake fitowa, don abin da suke samu a wurinmu ba ya riƙe gida wata goma sha biyu. Kowa ya san haka, Alhaji ma ya sani.

Daminar da ta gabaci wadda nake ba da labari, na yi abin da har yanzu in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ruwan shuka ya sauka, muna da bulon da za a kai, Alhaji ya bugo waya ya ce duk wanda ya fita kada ya dawo. Ni kuma na tsaya a bakin ƙofa kamar jandarma ina maimaita maganarsa. Wasu suka sulale ta baya, na yi kamar ban gani ba. Amma akwai wani ɗan Dogarawa, mai kwaɓa, mutum mai shiru-shiru da iyali bakwai, shi tsoro ya kama shi ya tsaya. Gonarsa a kan tudu take, rairayi zalla. Kafin in sake shi ranar Juma'a ƙasa ta bushe. Ruwa bai sake zuwa ba sai bayan mako uku. Ya yi shuka a makare, damina ta ɗauke hatsinsa bai nuna ba. Ko sanyi bai fita ba rumbunsa ya ƙare, ya kwashi ƴaƴansa biyu ya kai wa wansa. Bai taɓa ce mini uffan ba. Kullum da safe sai ya gaishe ni, “Shef, an tashi lafiya?” ya ɗauki shebur ɗinsa. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka da bazara ta zagayo, shamuwa ta fara sauka a kan itatuwa, na tara su a inuwar rumfa na gaya musu abin da ke raina. Na ce bana ba wanda zai rasa shuka, amma sai mun sayi kwanakin da guminmu tun kafin ruwa ya zo. Za mu riƙa farawa da an sallame sallar asuba, kafin rana ta yi kaifi, mu ƙara kwaɓi ɗaya a kan na kullum. Na sauya tsarin aikin ma. Da can kowa taɓa nan taɓa can yake yi, mai kwaɓa ya aje shebur ya je ɗebo ruwa, mai mul ya tsaya yana jiransa yana hira. Na ce a'a. Ruwa da yashi su kwana a gefen wurin kwaɓi tun la'asar, mai mul kada ya ɗaga daga mul ɗinsa, masu jerawa su ne za su riƙa zirga-zirga. Ni ma na tuɓe riga na kama baro, don ba na son in ce wa mutum ya ƙara ƙoƙari ni ina zaune a kan kujera. Ba wanda ya yi gunaguni, tunda sun san abin da ake tarawa dominsa. Cikin mako uku mun jibge bulon kwana uku a bayan rumfa, ya sha ruwa ya bushe, ban da wanda ake kai wa ginin wata lakwal, wato makarantar boko, da Alhaji ya karɓi kwangilarta.

Daga nan na yi wanka na hau mota zuwa Konni, ina ji da kaina. Na tarar da Alhaji a buro, wato ofishinsa, fanka na kaɗa masa takardu. Na gaishe shi, na zayyana masa komai. Na ce abin da nake roƙo kwana biyu ne kacal ranar da ruwa ya sauka, kuma ko bulo ɗaya ba zai yi latti ba.

Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Sannan ya yi murmushi ya ce, “Ashe kuna iyawa! Shekara bakwai kuna ta ja mani jiki, ashe akwai ƙarfi. To madalla. Jiya wani yaz zo neman bulon katanga, na ce mai babu hali. Yanzu sai in kira shi.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ba don katanga munka tara shi ba.”

Ya ce, “Siminti na wa? Yashi na wa? Ni ban ɗauki manoma aiki ba, masu bulo na ɗauka. Wanda yaf fita ranar ruwa, ka rubuto mani sunanai.”

Kai! Na fito daga buron nan kunnuwana na zafi. Wato gumin da mutane suka zuba don gonakinsu, shi ne za a juya a yi musu bulala da shi. Kuma ni na sa su. Ni na tsaya a gabansu na yi alkawari. A hanyar komawa ban ga ko itace ɗaya ba, don haushi. Ban ɓoye musu ba, na gaya musu abin da Alhaji ya ce, na ce su bar mini sauran.

Ruwan ya zo ranar wata Lahadi da la'asar, mai yawa, irin wanda ke cika kwazazzabai. Muka yi ta gudu muna rufe ɗanyen bulo da leda. Da gari ya waye Litinin na iso wurin aiki na tarar duk sun riga ni, su goma sha biyu, suna tsaye cirko-cirko. Ba wanda ya taɓa shebur. Ƙasa sai ƙamshi take. Na hango sungumi uku an jingine a bayan katanga, wai an ɓoye mini. Ɗan Dogarawan nan yana can gefe, idonsa a ƙasa. Na durƙusa na tona da hannu, laima ta wuce wuyan hannuna ba ta ƙare ba.

Na miƙe na ce, “Ku fiddo sungumanku. Yau da gobe ba a buga bulo. Amma ba watsewa za mu yi ba, tare za mu tafi, tare za mu dawo.”

Dalilina shi ne, in kowa ya nufi gonarsa shi kaɗai, mai gona a tudu kwana uku yake bukata, ƙasarsa kuwa ba ta ba shi fiye da yini ɗaya da rabi. Mai gona a kwari kuma laimarsa na kaiwa kwana huɗu, ba abin da ke korarsa. In muka haɗa hannu muka fara da inda ke saurin bushewa, kowa zai samu. Sannan in mun tafi tare, safiyar Laraba kowa na bakin aikinsa, ba mai cewa saura kaɗan. Direba, da yake ba shi da gona a nan, ya ce shi zai tsaya ya riƙa ba bulo ruwa safe da yamma, ya kuma kai na lakwal kamar kullum daga wanda muka tara. Kamiyon Alhaji ban taɓa ta ba. Ba zan bari a ce na saci mota na kai gona ba. Da ƙafa da amalanken jaki muka tafi.

Nan fa rigima ta biyu ta tashi, wadda ban shirya mata ba. Babban cikinmu wani dattijo ne mai mul, kowa Baba yake ce masa, ya girme ni da kusan shekara ashirin. A wajenmu in ana aikin gayya, gonar babba ake fara yi, sannan a gangaro. Haka aka tarar, ba mai tambaya. Tun kafin in buɗe baki sai na ga Baba ya saɓa sungumi ya kama hanyar gonarsa, mutane kuma sun bi shi a baya. Gonar Baba kuwa a tsakiyar kwari take, ƙasa baƙa, ko Alhamis aka je za a tarar da danshi.

Na ce, “Ku dakata. Tudu za a fara.”

Baba ya juyo a hankali. “Mi kac ce?”

“Tudu za a fara, Baba.”

“Wa ke da tudu?” Ya bi su da kallo har idonsa ya sauka kan ɗan Dogarawa. “Wanga? Wanda na haifi kamatai? Ni za ka aje baya, yaro?”

Shekara bakwai bai taɓa ce mini yaro ba. Raina ya ɓaci, saura kaɗan in ce masa a nan ni ne shef, kuma da na faɗa da aikin ya watse a wurin. Allah ya rufe mini baki. Kuskurena ne tun farko, don ba a gaban mutane ya kamata in tare shi ba. Na kama hannunsa na ja shi bayan tarin yashi, inda ba mai jin mu. Na ce, “Baba, ni ban san ƙasar nan kamar yadda ka san ta ba. Gonakin nan goma sha ɗaya duk ka taka su. In ka ce taka ta fi ta kowa saurin bushewa, wallahi da ita za mu fara. Kai za ka jera su, kai za ka faɗa, ni ba ni cewa komai.”

Ya tofar da yawu. Ya ce ni munafuki ne, na ɗaure shi da igiyarsa. Sannan ya fita ya tsaya a gaban mutane ya jera gonakin da bakinsa, tun daga ta ɗan Dogarawa har ƙasa, ya sa tasa ta ƙarshe. Amma kwana biyun nan bai sake yi mini magana ba, ko ruwa na miƙa masa sai ya karɓa a hannun wani. Wani mai jerawa kuma da ya ji an sa tasa ta takwas, ya ce shi ba ya wannan wasa, ya ɗauki sunguminsa ya tafi shi kaɗai. Ban hana shi ba. Na dai ce masa Laraba da asuba ina son ganinsa.

Na raba mu gida biyu, Baba ya ja ɗaya ni na ja ɗaya. Kafin mu isa kowace gona, mai ita ya riga ya buga waya gida: iri ya kasance a bakin gona, mata da duk wanda ya iya tafiya su fito da ƙoƙunansu. Mu maza muna gaba a jere muna sara, su suna binmu suna zuba iri suna rufewa da diddige. Na kuma kafa doka ɗaya da ta jawo mini zagi: ba girki. A al'ada wanda aka yi wa gayya sai ya ciyar, a dafa tuwo, a zauna a ci a yi hamdala. Na ce in mata suna gindin murhu, wa zai bi mu da iri? Fura kawai, a sha a tsaye. A gona ta uku uwar mai gonar, wata tsohuwa mai baki, ta tare ni ta ce, “Kai ɗan nan, so kaka yi a ce an yi aiki gidana an tashi da yunwa? Wa yar rene ka?” Na ce, “Inna, ki aje mana tuwon sai kaka, za mu zo mu ci har ki kore mu.” Ta ce Allah ya shirye ni, ta ɗauki ƙoƙonta ta shiga layi.

Gonar ɗan Dogarawa mun gama ta kafin azahar ta ranar farko. Da muka kai ƙarshen kunya ta ƙarshe sai ya tsaya yana kallon gonar tun daga sama har ƙasa. Ya zo kusa da ni kamar zai yi magana. Na ce masa ya ɗauki sunguminsa, akwai saura tara. Ba don rashin tausayi ba, ni ma idona ya cika, kuma ba na son a gani.

Waya kuwa tun hantsi take kuka a aljihuna. Wani mai mota ya wuce ta gaban gidan bulo ya ga wurin shiru, ya kai labari Konni. Na bar ta ta yi ta yi, sai da muka tsaya sallar azahar na ɗauka. Alhaji ya ce, “Ina kake?” Na ce, “Gona nike, ranka shi daɗe, ni da mutanenka duka. Ni na ce su fito. Bulon lakwal ya tafi tun da safe.” Sannan ya ce, “Laraba ka same ni buro.”

Ranar Talata rana na gab da faɗuwa ƙungiyoyin biyu suka haɗu a kwarin Baba. Ƙasar na nan da danshinta kamar yadda ya sani, muka gama ta kafin magariba. Hannuwana duk sun yi kanta sun fashe, don na daɗe ban riƙe sungumi yini biyu a jere ba. Laraba da asuba na je gidan bulo, na ƙirga kawuna: goma sha biyu, har da wanda ya tafi shi kaɗai. Na ce wa Baba ya riƙe wurin. Na kuma ce, duk abin da ya faru a Konni, kada wanda ya aje shebur ya biyo ni, don hujja kawai za su ba Alhaji. A nan ne Baba ya sake yi mini magana. Ya ce, “Kai fa, taka gonar?” Na ce tawa na can wajen Illela, ta yi nisa, ba ta cikin jerin.

Ba zan yi wa Alhaji ƙarya ba. Ba mugu ba ne. Shekarar da matata ta kwanta asibiti, shi ya aiko da mota aka kai ta, bai taɓa goranta mini ba. Da na shiga buro ma sai da ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce ya bincika, bulon lakwal ya isa kan lokaci, na katanga ma akwai shi, bai yi asarar komai ba.

Na ce, “To alhamdu lillahi.”

Ya ce, “Ba zancen bulo nike ba. Na yi magana, an taka ta. In na bari, gobe kowa shi taka.” Ya turo mini farar takarda da bik. “Ba ni son rabuwa da kai. Rubuta mani mutum ukku, waɗanda sunka fara ɗauko sungumi. In sallame su, kai ka koma bakin aikinka, zance ya ƙare.”

Na kalli takardar. Na san su ukun, na ga sungumansu a bayan katanga. Kuma ina da ƴaƴa biyu a lakwal, ina da tsohuwa a gida, ba wani aikin ke jirana ba. Amma da na tuna a bara ma haka na tsaya na zama bakin wani, sai na ga ba zan iya rubuta sunan kowa ba.

Na ce, “Alhaji, ba wanda yaf fita sai da na ce shi fita. In mutum ukku kaka so, ba ni da su. Mutum guda gare ni, ga shi zaune gabanka.”

Ya ce, “Kada ka yi wa kanka haka.”

Na ce, “In badi ruwa ya sauka ina wurin, haka zan sake yi. Gara ka sani tun yanzu.”

Na zaro makullan gidan bulo na aje a kan takardar. Na gaya masa Baba ya san tsarin aikin duka, simintin da ya rage na cikin ɗaki a rufe, ɗanyen bulo kuma yana bukatar ruwa har Asabar. Ya kawar da kai yana kallon taga. Na yi masa sallama, bai amsa da ƙarfi ba, amma ya amsa.

Ban samu motar wajenmu ba sai washegari, ranar kasuwa. Na sauka a bakin hanya na taka sauran da ƙafa, ban ko biya ta gida ba na wuce gona. Kwana huɗu ke nan da ruwa. Na tarar da matata ita kaɗai, ta shuka ɗan gefen da ke kusa da gawo tun ranar Litinin, iya abin da ƙarfinta ya kai, sauran gonar na nan fayau. Na tona da hannu. Rairayi ya zubo ta tsakanin yatsuna, busasshe, da ɗumi. Abin da ya rage sai binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa a rufe, a jira ruwan da ba a san ranar zuwansa ba.

Ta zo ta gaishe ni, ta kalli hannuwana da suka fashe, ba ta tambayi dalili ba. Ta ce, “Maigida, ka makara. Kwana nawa anka ba ka?”

Na ce, “Damina duka.”

Ta juya ta kalli gonar. Sannan ta sunkuya ta cika ƙoƙonta da iri, ta ce, “To, sara. Ina bayanka.”